Shirun garin wasu: na baƙo ne ko na masu gari?

Akwai wata addu'a da matafiya ke yi in sun sauka garin da ya burge su: "Allah ya sa kar wurin nan ya canza." Da zuciya ɗaya ake faɗinta, kuma mai faɗin yana ganin yabo ne ya yi ma garin. Tambayar da nake so mu juya a wanga ɗan rubutu ita ce: baƙon da zai kwana bakwai ya goya jakarsa ya wuce, yana da hurumin yi ma mutanen da za su tsufa a wurin irin wagga addu'a? Mu nan a fada, in shayi ya kai na biyu, hirarmu ba ta wuce gudron, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet mai sauri, da aikin yi bayan diflom. Ban taɓa jin wanda ya roƙi Allah ya bar Maraɗi yadda kakansa ya same ta ba. To mi ya sa abin da ba mu so ma kanmu yake zama abin sha'awa in ga wasu muka gan shi?

Kar wani ya ce wagga magana ta annasara masu kuɗi ce, ba ta shafe mu ba. Yau ɗalibi daga Tawa ko Damagaram yana iya samun kansa a Dakar ko Nairobi ta dalilin karatu ko taron matasa, in kuma ya samu ƴan kwanaki da ƴan canji sai ya shiga ƙasa kallo. Ranar da ka yi haka ka zama ɗan yawon buɗe ido, ko da gari da ƙuli-ƙuli ne guzurinka. Ni ma ta haka na san Lamu, kuma da ita zan yi misali.

Lamu tsibiri ne a gaɓar tekun Indiya, can arewacin gaɓar Kenya, ba nisa da iyakar Somaliya. Mai ƙaramin ƙarfi irina daga Mombasa yake shiga kar, a bi ta Malindi da Garsen da Witu, ana tsayawa shingayen sojoji ana duba takardu, har a kai Mokowe inda hanyar mota ta ƙare. Daga nan sai jirgin ruwa. Masu hali jirgin sama ke sauke su a tsibirin Manda, amma su ma a ƙarshe kwalekwale ke tsallakar da su. Tsohon garin na Waswahili ne, Musulmi, ya fi shekara 700 da mutane a ciki ba su taɓa watsewa ba, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001. Gidajen da dutsen da ake sarowa daga teku aka gina su, aka rufe da azarar wasu itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda suke kira mikoko. Ƙofofin na katako ne masu sassaƙa. Lungunan kuwa, akwai inda in ka buɗe hannuwanka sai ka taɓa bango biyu. Mota ba ta da wurin wucewa, shi ya sa jaki ne sarkin hanya: shi ke ɗaukar yashi da siminti da buhun shinkafa da akwatin baƙo. Har asibitin jakai gare su tun 1987, inda ake duba su kyauta.

Daɗin wurin gaskiya ne, ba zan rage masa komi ba. Da asuba kiran salla ke tashe ka, sai ƙarar kofaton jaki a lungu. Da la'asar dattawa na zama a dandalin Mkunguni, gaban wata tsohuwar kagara da aka gina tsakanin 1813 da 1821, ana kurɓar gahawa mai ɗaci a ƴan ƙananan kofuna. Tsofaffin gidaje na da ɗan shirayi a bakin ƙofa mai dakali hagu da dama, suna ce masa daka, aikinsa ɗaya da zaurenmu: nan maigida ke karɓar baƙo ba sai an shiga cikin gida ba. Bahaushe ba ya jin ya ɓata ƙwarai, tunda suna cewa asubuhi muna cewa asuba, suna cewa habari muna cewa labari, duk daga rijiyar Larabci muka ɗebo. A bayan gari akwai masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, wani malami da ya zo daga tsibiran Komoro ya rasu a 1935, ya kafa, kuma har yau maulidinsa na tara mutane daga ƙasashen gabashin Afirka. In ka fito daga hayaniyar kabu-kabu da rurin gurup, kwana biyu a nan sai ka ji kamar an sauke maka kaya daga ka. Don haka ban ga laifin wanda addu'ar nan ta suɓuce masa ba. Sai dai ko ya san abin da ya roƙa?

Shirun Lamu ba daga sama ya faɗo ba. A ƙarni na 19 gari ne na hada-hada a ƙarƙashin sarakunan Oman masu zama Zanzibar. Jiragen katako na biyo iska daga ƙasashen Larabawa da Indiya, su yi lodin hauren giwa da azara da hatsi, dukiyar kuma a kan wuyan bayi take, masu noma a gonakin manyan gari. Abu biyu suka karya wannan zamani. Turawan Ingila suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya tsakanin 1896 da 1901, ciniki ya koma Mombasa. A 1907 kuma aka haramta bauta a gaɓar, gonaki suka rasa masu aikin dole. Kar a fahimce ni a karkace: dukiyar da aka tara da gumin bayi gara ta rushe, kuma ya kamata mai yaba ƙofofin nan masu sassaƙa ya tuna wa ya biya kuɗinsu. Abin da nake nufi shi ne kuɗi sun bar garin. Garin da ba kuɗi ba ya rushe tsohon gida ya gina bene na siminti, ba ya faɗaɗa lungu don mota ta wuce. Babban abin da ya adana Lamu shi ne an manta da ita. Mutanen Damagaram sun san irin wanga labari: garinsu ne babban birnin Nijar har 1926, aka ɗauke kujera aka kai Yamai. Ina ganin wani kaso na kyan unguwar Birni da muke alfahari da shi yau daga wancan juya baya ya fito.

Wanda yake son ya ga ƙarshen addu'ar matafiya, to ya je Takwa. Kufai ne a tsibirin Manda, ana zuwa ta wata ƴar mashigar ruwa tsakanin mikoko, kuma dole sai teku ta cika, in ta janye jirgi ba ya wucewa. Gari ne da ya yi tashe a ƙarni na 15 da na 16, aka watse a ƙarni na 17. Masana na danganta tashin da rijiyoyin da suka koma ruwan gishiri, kuma mutanen Shela, wani ƙauye kusa da Lamu, suna cewa daga can kakanninsu suka taso. Bangon masallacin na nan tsaye da wani dogon ginshiƙi ta wajen alƙibla, ga kukoki irin namu sun kewaye wurin. Duk yawona ban taka inda ya kai Takwa shiru ba, ban kuma ga inda ya fi shi kyau a hoto ba. Dalilin ɗaya ne: ba kowa. Ba mai tallar kifi, ba yaro mai kuka, ba wanda ke neman likita da tsakar dare. Gari mai rai kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, don masu rai na da bukata, bukata kuma ita ke kawo canji.

A ƴan shekarun nan ƴan moto sun shigo tsibirin, can suna ce musu boda-boda. Masu kula da kayan tarihi ba su so, dattawa da yawa ma ba su so, saboda ƙara da haɗari a lungun da aka yi don ƙafa da kofato, hukuma kuma ta sha ƙoƙarin taƙaita inda za su bi. Na zauna da ɗaya daga cikinsu a bakin gaɓa, sa'ana ne, muka haɗa Turancinmu mai tsamin baki da ɗan Larabcin makarantar allo. Na tambaye shi mi yake ce ma masu cewa moto na ɓata gari.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ku a garinku mi kuke hawa?"

Na ce, "Kabu-kabu, irin naka."

Ya ce, "To in naƙuda ta kama yayarka da dare, jaki kuke ɗaura ma sirdi?"

Ya ƙara da cewa ya gama makaranta shekara uku ba aiki, moton nan shi ke ciyar da tsohuwarsa. Jakin da baƙo ke ɗauka hoto yana murmushi, shi ne jakin da mu a gida ba mu ko waiwaya in ya wuce da amalanke, kuma ba ɗaya daga cikinmu da ke karatu don ya gaji mai shi.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce baƙo na son jiya, masu gari na son gobe, shi kenan. Amma Lamu ba ta yarda da wanga sauƙi ba. A 2012 Kenya da Habasha da Sudan ta Kudu suka ƙaddamar da wani babban shiri mai suna LAPSSET, na hanyoyi da bututun mai da sabuwar tashar jiragen ruwa a yankin Lamu, wadda aka tsara za ta samu wurin tsayawar jirage 32. An buɗe na farko a watan Mayu na 2021. Yasar ƙarƙashin teku da saran mikoko sun taɓa wuraren kamun kifi, masunta suka tafi kotu, a 2018 babbar kotu a Malindi ta ce a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76, kuɗin da suka yi shekaru suna jira. An kuma so a gina tashar wutar lantarki mai aiki da gawayin ƙasa, ta megawat 1,050. Mutanen yankin, ciki har da ƙungiyar Save Lamu, suka ƙi, har a watan Yuni na 2019 kotun kula da muhalli ta soke lasisin aikin, tana cewa ba a yi shawara da jama'a yadda ya kamata ba. Ke nan masu gari su ma suna cewa a'a ga wani ci gaban, kuma ba bakinsu ɗaya ba: mai moto na son hanya, masunci na son ruwansa, mai masauki na son shiru don shi yake saidawa.

To mi ya bambanta a'ar masunci da a'ar baƙo, tunda duk a'a ce? Farashi. Masuncin da ya ƙi tashar wuta ya san ɗansa na iya rasa aikin da aka yi alkawari, kuma ko an gina ko ba a gina ba, shi zai shaƙi iskar wurin har ya mutu. A'arsa na da kuɗi, shi kuma zai biya. A'ar baƙo kyauta ce: in garin ya zauna ba asibiti mai kyau, shi yana can inda akwai, in garin ya lalace, baɗi ya nemi wani tsibiri. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ni a ganina nauyin maganar mutum a kan makomar wuri daidai yake da abin da zai ɗauka in maganar ta zama gaskiya.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya jefo mini, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce kayan tarihi ba na masu rai kaɗai ba ne. Jikokin Lamu da ba a haifa ba su ma suna da rabo, kuma masu gari na iya kuskure. Mu kanmu nawa muka rushe soron ƙasa mai sanyi muka gina ɗakin siminti da tol, wanda in watan Afrilu ya zo sai a tsakar gida ake kwana? Wani lokaci idon baƙo ne ke nuna maka darajar abin da ka saba da shi har ka daina gani. Na yarda da wannan duka. Amma abin da yake ba baƙo shi ne damar ba da shawara, hukunci kuwa na masu gari ne. Kuma in har duniya ta ce garin nata ne, to ta sa hannu a aljihu. Riƙe gidan dutse da farar ƙasa a bakin ruwan gishiri aiki ne mai cin kuɗi kowace shekara. Ba adalci ba ne a ce gadon na kowa ne, gyaran yoyon kuma na gwauruwar da ke ciki ita kaɗai.

Abin da ke faruwa in duniya ta zo da kuɗinta ba tare da shawara ba, Shela ta nuna shi. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a ƙafa daga Lamu, ta bakin ruwa, bayanta kuma gaɓa ce ta farin rairai mai tsawon kilomita 12 da manyan tuddai. Attajiran waje, yawanci daga Turai, sun sayi tsofaffin gidaje da yawa sun gyara. Wallahi gyaran ya yi kyau, da ba su ba wasu gidajen da sun faɗi. Amma farashin fili ya tashi har ya fi ƙarfin ɗan gari, kuma ba wuya ka samu jikan wanda ya saida gida yana dafa abinci ko gadi a cikinsa. Tuddan rairan nan kuma ba ado ba ne kawai: a ƙarƙashinsu ruwan daɗi yake taruwa, daga rijiyoyinsu garin Lamu ke sha, kuma masu son gini kusa da teku kullum idonsu na kansu. Ga son shiru yana cin shirun da kansa, har yana barazana ga ruwan sha, abin da ake cewa ya tashi Takwa.

Mu masu jakar goyo muna son mu ɗauka cewa wanga laifi na attajirai ne. Mu ai a masaukin talakawa muke kwana, a bakin hanya muke cin wake da kwakwa, ba mu sayi filin kowa ba. Amma da dare a masauki na sha jin matafiya irinmu suna gasar wanda ya fi karya ma mai jirgi farashi, kamar wata jarunta. Mai jirgin nan ya yini yana jan igiya a rana, ya gasa musu kifi, ya jira cikar teku ya maido su. Ciniki al'adarmu ce, mun san "albarka" mun san "na sallama". Sai dai a kasuwar Maraɗi ciniki na da birki, don mai saye da mai saidawa za su haɗu gobe a masallaci ko wurin suna. Matafiyi ba ya da wanga birki, ba zai sake ganin mai jirgin ba har abada. Shi ya sa nake ganin tafiya awo ce ta hali: yadda ka yi da wanda ba zai taɓa iya rama maka ba, alheri ko sharri, shi ne ainihin kai.

Haka zancen hoto. A Lamu ba ka shiga gidan mutum sai ka ce "hodi", ka jira a ce "karibu", kamar dai sallamarmu. Wayar hannu ba ta sallama. Ana ɗaga ta a kan dattijuwa mai lulluɓi, ko yara a bakin makarantar allo, kafin magariba fuskarsu na Facebook. Wanda bai ga komi a ciki ba ya auna: baƙo ya leƙo ta katangarku, innarka na surfe, ya ɗauka ya wuce, ya rubuta a ƙasa cewa rayuwa a nan sauƙi gare ta.

Kada kuma mu manta baƙo raɓa ne. A 2011 an sace baƙi Turawa a yankin Lamu, a 2014 aka kai mummunan hari Mpeketoni a ɓangaren tudu, aka sa dokar hana yawon dare. Baƙi suka ɗauke ƙafa, aka bar masu masauki da masu jirage da ɗakuna ba kowa. Mutanen Agadas ba su bukatar a fassara musu wannan. Tawayen da ya tashi a 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya sun kori ƴan yawon buɗe ido, masu rakiyar baƙi da maƙeran azurfa suka rasa kasuwa, kuma a 2013 da UNESCO ta karrama tsohon garin, baƙin sun riga sun tafi. Wanda soyayyarsa ga gari ke ƙarewa da harbin bindiga na farko ba a ganin laifinsa, rai ne. Amma ba shi ya kamata ya tsara ma garin yadda zai rayu ba.

Inda na tsaya ke nan. Ka yi tafiya, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ka ji daɗin shirun in ka same shi. Amma ka biya haƙƙin mai aiki kamar gobe za ku haɗu, ka yi sallama kafin ka ɗaga waya, ka saurari mai moto ka saurari masunci, ka bar musu hukunci. In kana da abin bayarwa, ilimi ko kuɗi ko murya, ka sa shi inda masu gari suka nuna.

Kuma ba sai ka yi fasfo ba kafin tambayar ta same ka. Bakans na zuwa. Da yawanmu za mu bar Yamai da Maraɗi mu tafi ƙauye sati biyu, mu kwanta a tabarma muna kallon taurari, mu sha fura mai sanyi daga ƙwarya, mu dawo fada muna cewa ai ƙauye ya fi birni daɗi, Allah ya bar mana shi haka. Furar nan wani ya daka geron, ruwan da aka dama ta da shi wata ta ja shi daga rijiya mai zurfi tun kafin rana ta fito, kuma sau da yawa ƙanwarmu ce, wadda aka cire daga lakwal don aikin gida. Kafin ka yi ma ƙauyenku addu'ar kar ya canza, ka tambaye ta ita mi take so ya canza.